Filin Masu Sana'a: Mun Daɗe Muna Ja-in-ja a Facebook, Yanzu Za Mu Haɗu Ido da Ido

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa sun zo ne daga masu sana'ar haɗa wutar sola, kuma dukansu a kan abu ɗaya suke, wato yadda mutum zai yi da abokin gogayyarsa wanda bai san shi ba sai a waya. Kamar kullum, mun sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni mai haɗa sola ne a Sakkwato, kuma ina da shafi a Facebook inda nake wallafa ayyukana tare da amsa tambayoyin jama'a. Akwai wani mai irin sana'ata a Jos wanda muka daɗe muna saɓani da shi a bainar jama'a. Shi yana cewa zamanin batirin tubula ya wuce, duk wanda ya ƙara sa wa mutum shi ya cuce shi, a koma ga litiyam da tsarin bolt 48. Ni kuwa ina cewa tubula ne daidai ƙarfin talaka. Mabiyana da nasa sun rabu gida biyu, har abin ya kai ga baƙaƙen maganganu. Yanzu wani kamfani mai shigo da kayan sola ya gayyace mu taron horarwa na kwana biyu a Kaduna, kuma an ce shi ma zai yi jawabi. Zuciyata tana ce mini kada in je, domin in na zauna ina sauraronsa mutane za su ce na sallama. Mene ne shawararka? (Mai karatu daga Sakkwato)

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, shawarata ita ce ka je, kuma ka je da littafi da biro, ka zauna a sahun gaba lokacin da zai yi jawabinsa. Duk tsawon lokacin da kuka ɗauka kuna ja-in-ja, abin da ke isowa gare ka daga wurinsa hukuncin da ya yanke ne kawai, ba ka taɓa jin yadda aka yi ya kai ga wannan hukuncin ba. Bidiyon minti ɗaya ba ya ɗaukar bayani, kuma duk wanda ya saba wallafawa ya lura cewa bidiyon da aka buɗe shi da kakkausar magana ya fi yawo a kan wanda aka zauna ana cewa abin ya danganta da gida da aljihu da gari. Saboda haka mai yiwuwa ne mutumin da za ka tarar a Kaduna ya fi wanda ka sani a waya sassauci nesa ba kusa ba, kamar yadda nake kyautata zaton kai ma akwai gidajen da ka sa wa litiyam ba tare da ka yi shela ba.

Bari mu duba abin da kuke saɓani a kansa, domin a nan amfanin tafiyar yake. Batirin tubula mai bolt 12 da lamba 200Ah yana ɗauke da yunit 2.4 na wuta a rubuce, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa, amma duk mai sana'a ya san cewa in ana son ya yi ƙarko ba a zuƙe fiye da rabinsa. Ke nan guda huɗu da aka jera suka ba da bolt 48 suna da yunit 9.6 a takarda, amma abin da mai gida zai mora a kowane dare bai wuce yunit 4.8 ba. Batirin litiyam guda ɗaya, irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, mai ƙwayoyi 16 da ke ba da bolt 51.2 da 100Ah, yana ɗauke da yunit 5.12, kuma ana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na wannan. Wato akwati guda da ke rataye a bango ya kusa yin aikin tubula huɗu, ba a ƙara masa ruwa, kuma yawan caji da saukewar da masu ƙera shi ke yin alkawari ya ninka na tubula. Haka nan maganarsa ta bolt 48. Kayan da ke cin wat 3,000 suna jan amfiya 125 a tsarin bolt 24, amma amfiya 62 da rabi kawai suke ja a bolt 48, kuma idan amfiya ta ragu da rabi, asarar da ake yi ta hanyar zafin waya takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan lissafi ne da kowa zai iya yi a bayan rasit, kuma ba zai canza ba don ranka ba ya son wanda ya faɗe shi.

Kai ma kana da taka gaskiyar, kuma ba na so ka bar ta a gida. Mai shagon cajin waya, ko malamin makarantar da yake son fanka biyu da fitilu da talabijin, ba shi da kuɗin litiyam a dunƙule, kuma idan aka ce masa sai litiyam, to an ce masa ya ci gaba da kwana a duhu ke nan. Tubula ana iya farawa da ɗaya ko biyu, an san shi, ana gane ciwonsa da ido da ma'aunin ruwan batir, kuma ko ya mutu masu sayen tsohon batir suna biyan wani abu saboda dalmar da ke cikinsa. Shi kuwa litiyam rayuwarsa tana hannun ƙaramin allon da ke kula da ƙwayoyinsa, wanda ake kira BMS, ga kuma waɗanda ake haɗawa da tsofaffin ƙwayoyi a rufe su cikin sabon akwati mai sheƙi, mai saye ba shi da halin ganin ciki. Wanda ya saya wa mutum irin wannan ya fi wanda ya sa masa tubula mai kyau cutar da shi.

Akwai kuma abin da ya bambanta ku wanda ba na jin ɗayanku ya tsaya ya duba, shi ne garin da kowannenku yake aiki a ciki. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, tana da sanyi, kuma daminarta doguwa ce mai yawan hadari da tsawa. Sakkwato kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan farantin sola ta rage masa ƙarfi. Wat ɗin da ake rubutawa a bayan farantin sola an auna shi ne lokacin da farantin yake kan digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari, ta yadda farantin da ya kai digiri 65 a kan kwanon rufi ya rasa kusan kashi 14 cikin ɗari tun kafin a yi maganar ƙura. Wannan zafin ya kamata ya sa ka ƙara buɗe kunne ga mutumin Jos, domin tubula yana tsufa da wuri a zafi, kuma ƙa'idar da aka saba da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana kusan raba rayuwarsa biyu. Litiyam ma ba ya son zafi, don haka inda za a ajiye batir da yadda iska za ta ratsa ɗakin ilimi ne da ka fi shi a kai, kamar yadda shi ma zai fi ka sanin kariyar tsawa da yawan farantan da za su ishi gida a kwanakin da rana ba ta fitowa. Kowannenku yana magana ne daga abin da garinsa ya koya masa, sai mabiya suka ɗauka cewa dole ɗaya ya zama maƙaryaci.

Idan kun haɗu, kada ka tambaye shi wanne ya fi, domin ka riga ka san amsarsa. Tambaye shi aikin da ya fi ba shi wahala, da gidan da aka fi kiransa ya koma gyara, da batirin da ya mutu a hannunsa kafin wa'adinsa da abin da ya tarar a ciki da ya buɗe shi. Tambaye shi yadda yake gwada ƙarfin sabon batir kafin ya kai wa mai gida, da yadda yake saita inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita, ta riƙa karɓar bayani daga BMS, da abin da yake yi idan su biyun ba su dace da juna ba. Ba wanda ke wallafa irin waɗannan a shafinsa, saboda shafi wurin talla ne, amma a wurin cin abinci bayan an tashi daga zama mutum yakan faɗa, musamman idan kai ka fara faɗin naka. Sai dai ka tuna cewa kamfanin da ya shirya taron yana da kayan da yake son sayarwa, kuma wanda kamfanin ya ba damar jawabi yana iya kasancewa dillalinsa ne. Wannan ba laifi ba ne, amma dalili ne na ka raba abin da aka faɗa a kan dandamali da abin da aka faɗa maka a gefe, ka kuma nemi lambobi a duk inda aka ba ka yabo.

In da hali, ko da sai ka bi shi Jos daga baya, ka nemi ya kai ka wani aikinsa da ya yi shekara biyu ko uku yana aiki, domin wanda aka gama jiya aka share don ɗaukar hoto ba zai nuna maka komai ba. Ka shiga ɗakin batir lokacin da firiza da famfon rijiya suke kunne. Ka ɗora bayan hannunka a kan rigar wayar da ta tashi daga batir zuwa inbata ka ji ko tana ɗumi, ka duba bakin kusoshin ko sun yi baƙi ko robar wayar ta fara narkewa a wurin, ka maƙala mitarka ka ga amfiyar da ke wucewa, sannan ka ɗaga kai ka duba ta inda iska ke fita. Daga nan ka keɓe da mai gidan ka tambaye shi ƙarfe nawa wutar ke ɗaukewa da dare, in tana ɗaukewa. Gani ya kori ji, kuma minti goma a wannan ɗakin zai faɗa maka abin da shekara guda ta musu ba ta faɗa maka ba. Kai ma ka gayyace shi Sakkwato a watan Afrilu, ya hau rufi tare da kai.

Game da yadda za ka tunkare shi, ka neme shi tun kafin a fara zama, ka yi masa sallama, ka gabatar da kanka da sunanka, in ya girme ka ka ba shi girmansa. Hadisi ya ce mafi alherin mutum biyun da suka ƙaurace wa juna shi ne wanda ya fara yin sallama, kuma ba na ganin an cire masu sana'a daga ciki. Kada ka ɗauki bidiyon haɗuwar ba da saninsa ba, kada kuma ka tayar da tsohon musu a gaban jama'a lokacin tambayoyi. Idan akwai zagin da mabiyanka suka yi masa a ƙarƙashin rubutunka ka bar shi ba ka goge ba, ka ba shi haƙuri a kai kai tsaye, domin shafin naka ne, kuma abin da aka bari a cikinsa da yardarka aka bar shi.

Tsoron da kake yi na cewa za a ce ka sallama, ina ganin tsoron rasa masu ba ka aiki ne a ƙarƙashinsa, kuma a nan ne nake so ka duba kasuwar da kyau. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 janareta ya fi ƙarfin gidaje da shaguna masu yawa. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, sannan a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Mutanen da waɗannan abubuwa suka tura neman sola sun fi ƙarfin hannunka da nasa a haɗe, kuma mai gida a Sakkwato ba zai ɗauko mai gyara daga Jos ba duk lokacin da inbatarsa ta yi ƙara. Abin da ke rage muku kasuwa ku duka shi ne aikin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, wanda ke mutuwa cikin wata shida har mai shi ya riƙa gaya wa maƙwabta cewa sola yaudara ce. 'Yan kasuwarmu sun daɗe da gane wannan, shi ya sa a Kantin Kwari za ka ga mai shago ya aika yaronsa shagon maƙwabcinsa ya karɓo turmin atamfar da ba shi da ita, don kada mai saye ya fita daga layin hannu rabbana.

Bayan ka dawo, kada ka sauya tsarinka gaba ɗaya a kan jawabin kwana biyu. Ka gwada abin da ka ji a aiki guda, a gidan wanda ya yarda kuma ka yi masa bayani, ka riƙa rubuta abin da mita ke nunawa a lokacin zafi da lokacin damina. Idan ya tabbata, ka faɗa wa mabiyanka a fili, ka ambaci sunan wanda ka koya daga wurinsa, ka kuma faɗi inda har yanzu kuka saɓa da dalilinka. Waɗanda suka zo kallon faɗa za su ragu, amma waɗanda ke da kuɗin aiki a hannu mutumin da ke auna abu kafin ya yi magana suke nema.

TAMBAYA: Malam, ni a Maraɗi nake, kuma aikinmu ya buɗe sosai tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023. Na haɗu da wani abokin gogayyata a kasuwar baje koli ta Kano, ya nuna mini yadda yake ɗaga faranti daga kwanon rufi, da yadda yake rubuta wa mai gida lissafin kayan wutarsa kafin ya faɗi farashi. Na dawo na ɗauki tsarin, yanzu yana rubutawa a shafinsa cewa na sace masa fasaha. Na yi laifi? (Mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Malam, barin tazara a ƙarƙashin faranti don iska ta wuce da kuma lissafin kayan wuta kafin a faɗi farashi abubuwa ne da ake koyarwa a duk wurin horarwa, ba mallakar kowa ba ne, kuma da ka yi amfani da su ka kyauta wa masu ba ka aiki. Amma akwai tambaya biyu da ya kamata ka amsa wa kanka. Shin takardarsa ka kwafa yadda take, ka cire sunansa ka sa naka, ko kuwa ka yi amfani da hoton aikinsa a tallarka? In haka ne, ka cire su yau. Sannan lokacin da ka wallafa sabon tsarin, ka ambaci wanda ya nuna maka, ko ka bar mutane suna yaba maka kamar kai ka ƙirƙiro? Ina zaton a nan ransa ya ɓaci. Ka kira shi a waya maimakon ka mayar masa da martani a shafi, sannan ka rubuta godiya gare shi a inda mabiyanku duka za su gani.

TAMBAYA: Malam, ni mace ce, ina da shagon kayan sola a Kano kuma ina da yara masu haɗawa. Muna da zauren WhatsApp na masu sana'ar, yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba, yanzu an shirya mu haɗu. An ce kowa ya zo da abin da ya sani, wasu kuma suna so a tsayar da farashi ɗaya. Me zan faɗa, me zan riƙe? (Mai karatu daga Kano)

AMSA: Hajiya, duk abin da ya shafi ran mutum da dukiyarsa ki faɗe shi ba tare da ragi ba. Babban misali shi ne sa bireka ta wutar AC, wato irin wutar da kamfanin lantarki ke kawowa gida, a ɓangaren faranti ko batir, waɗanda tasu wutar DC ce, saboda ta fi araha. Wutar AC irin tamu tana saukowa zuwa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, wannan ke taimaka wa tartsatsin da ya tashi a cikin bireka ya mutu da kansa, amma wutar DC ba ta saukowa, don haka tartsatsin yana iya ci gaba da ci har birekar ta narke ta kama wuta. Haka maganar fis kusa da batir, da kaurin waya, da wayar ƙasa, da kayan jabun da kika tabbatar da su da hujja. Idan akwai ƙonanniyar bireka da yaranki suka ciro daga wani aiki, ki tafi da ita a zagaya da ita hannu-hannu, ki kuma tafi da babban yaronki, domin shi ne zai fahimci abin da sauran masu haɗawa ke faɗa kuma shi ne zai aiwatar.

Abin da za ki riƙe shi ne sunaye da lambobi da adireshin masu saye, domin amana ce a hannunki, gidan da ke da batirin miliyoyin naira ba a tallata inda yake, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanki. Yarjejeniyar bashi da ke tsakaninki da masu ba ki kaya ita ma taki ce. Batun tsayar da farashi ɗaya kuwa ki ƙi shi a fili, domin dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana masu sana'a ɗaya su haɗa baki a kan farashi, kuma mai saye ne ke cutuwa da shi. A maimakonsa ki kawo shawarar a amince da abin da ba za a yi ƙasa da shi ba a kowane aiki, wato garanti a rubuce, da kaurin wayar da ya dace da amfiyar da za ta ɗauka, da bireka ta DC a inda ake buƙatarta, da kuma cewa duk wanda zai jagoranci aikin haɗawa ya nemi takardar shaidar ƙwarewa daga hukumar NEMSA, mai kula da ingancin ayyukan haɗa wutar lantarki a Najeriya.